Amsa ga mai son ɗaura wa tsohuwar Bitil sitabilaiza a baya

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce ka gama aikin injin da fenti a Volkswagen Beetle ɗinka, amma tana kwanciya gefe idan ka sha kwana, kuma wani ya ba ka shawarar ka sa mata sitabilaiza a baya, wato ƙarfen nan da ke haɗe ƙafar dama da ta hagu. Ra'ayina a taƙaice: kada ka sa tukuna. Ka fara leƙa ƙarƙashin motar, domin amsar tana can.

Ka kai ta rami ko ka ɗaga bayan da jak. Idan ka ga kowane shaf, wato ƙarfen da ke juya tayar baya daga giyabos, yana cikin bututu, robarsa guda ɗaya ce a jikin giyabos, kuma da an ɗaga motar tayoyin baya sai su lanƙwashe ƙasansu ya nufi ciki, to irin tsohuwar ƙafar ce mai lilo daga giyabos. Idan kuwa shaf ɗin a fili yake, da roba a kowane ƙarshe, huɗu ke nan duka, to sabuwar ƙafa ce, wadda ta fara fitowa a 1968 a masu giya rabin-otomatik, daga baya Bitil samfurin 1302 da 1303 suka zo da ita. Bitil ɗin da na shiga ƙarƙashinsu a nan, waɗanda kamfanin Volkswagen ya riƙa haɗawa a Legas tun 1975, kusan duk tsohuwar ƙafar na tarar. Ina kyautata zaton taka ma ita ce.

Mutane suna ɗauka sitabilaiza riƙo yake ƙara wa mota. Aikinsa rage kwanciya ne, kuma akwai ladan da ake biya. Duk ɓangaren da ka ƙara wa tauri, shi zai ɗauki mafi yawan nauyin da ke komawa gefe a kwana, tayar waje ta danne sosai, ta ciki ta yi sakwa-sakwa, riƙon wannan ɓangaren ya ragu. A mota mai injin a gaba wadda ke ƙin juyawa, tana tura hanci waje, sa ƙarfen a baya yana gyara ta. Bitil kuwa injin da giyabos duk a baya suke, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinta a tayoyin baya yake, da ma can bayan ne ke son ya riga gaba. Ka ƙara masa tauri, ka ƙara wa Barno dawaki.

Ga kuma halin ita ƙafar. Da yake tayar tana lilo ne daga giyabos, idan aka matsa mata a kwana sai bayan motar ya ɗaga sama, tayar waje ta shige ƙarƙashi, ta koma tafiya a kan gefenta. Wani abokina ya sa wa tasa ƙarfen da aka ciro daga wata mota, aka yi masa walda a jikin ƙafar. A tafiyar gari ya ji daɗi, motar ta daina kwanciya, har yana yi mana dariya. Ran da aka yi yayyafi muka shiga wani shataletale da gudun da bai kai a faɗa ba, mai babur ya gitta, ya ɗaga ƙafa daga totur. Ina zaune a gefensa na ji kujerar ta ɗaga, bayan ya zame, muka tsaya muna kallon motocin da ke biye da mu. Ba ta yi ƙara ba, ba ta yi gargaɗi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Su kansu masu ƙera ta akasin wannan suka yi. Ƙarfen hana kwanciya a gaba suka sa tun wajen 1960. A ƙirar 1967 suka sassauta sandunan murɗawa na baya, waɗanda su ne sifirin ɗin motar, suka ƙara wani ƙarfe mai siffar harafin Z. Wannan ba ya hana kwanciya ko kaɗan, yana taimakawa ne idan tayoyin biyu suka nutse tare, kamar in an yi lodi. Manufar ita ce gaba ya ɗauki aikin kwana, baya ya samu sauƙi. Kamfanin Chevrolet ma da motarsu Corvair mai injin a baya ta ba su irin wannan ciwon kai a Amurka, a 1964 sifirin ɗin kwance suka gitta a ƙarƙashin baya, suka sa sitabilaiza a gaba, a 1965 suka canza ƙafar ɗungurungum. Ka duba ko naka ƙarfen Z ɗin yana nan, don bakanikai da yawa kan cire shi lokacin sauke injin su manta da shi a ƙasa, ko kuma ka tarar robobinsa sun cinye yana rawa a banza. In babu shi, abin da ya dace da ita shi ne kamba kwamfanseta, wani sifirin mai faɗi da ake ɗaurewa a ƙarƙashin giyabos yana hana tayoyin shigewa ciki.

Kwanciyar da kake ji ma ina shakkar rashin sitabilaiza ne ya jawo ta. Mota mai shekara 40 da ɗoriya, shokabzoba sun daɗe da mutuwa, bushin ɗin ƙafar baya ya zama kamar ƙanzo. Canza waɗannan, ka duba wasan sitiyari da taya rod, ka tabbatar ƙarfen gaba yana ɗaure da kilif ɗinsa. Sai iskar taya. Kamfani ya ce kusan 18 a gaba, 27 zuwa 29 a baya. Mai faci in ba ka tsaya a kansa ba 35 zai dura wa dukkansu, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa Bitil ta riƙa yawo a titi. Kada kuma ka cire safaya daga but ɗin gaba don neman wurin kaya, nauyinta yana da amfani a can.

In bayan duk wannan har yanzu kwanciyar na damun ka, sa ƙarfe mai kauri a gaba, irin na milimita 19 da ake sayarwa don Bitil. Sitiyarin zai ɗan ƙi juyawa in ka matsa, amma wannan laifi ne da ɗaga ƙafa ke gyarawa.

Idan ka leƙa ka ga mai roba huɗu ce, to maganar ta sauya: ana iya sa siriri a baya, amma sai bayan an ƙara na gaba, kuma wanda aka yi don motar, mai noti, ba na walda ba. Turo mana hoton ƙarƙashin daga bayan giyabos mu gani, tare da lambar shasi.