Tambayoyinku: Gina manhajar duba hoto mai sauri da ake sarrafawa da kibod

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon rubuta manhaja, na haɗa wata ƙarama don duba hotunan biki a kwamfuta, ana danna kibiyar dama a wuce zuwa hoto na gaba. Tana aiki, sai dai kowane dannawa sai ta ɗan tsaya, in kuwa na riƙe kibiyar sai ta sandare gaba ɗaya. Shin harshen da na yi amfani da shi ne, in koma C? — Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawar sauya harshe, da wuya laifin ya kasance nasa. Mu fara da lissafi. Hoton kyamara mai megafiksel 24 faɗinsa fiksel 6000 ne, tsayinsa 4000. A cikin fayil ɗin JPEG an matse shi, bai fi 'yan megabait ba. Amma kafin ya hau allo dole a kwance shi, kowane fiksel ya ci bait 4, jimla megabait 96. Allo mai sabunta kansa sau 60 a sakan ɗaya kuwa milisakan 16 da ɗoriya kaɗai yake ba ka tsakanin zane da zane. Kwance irin wannan hoton ba ya shiga cikin wannan ɗan lokacin. Idan wurin da ke sauraron kibod shi ne kuma yake kwance hoto, to duk abin da ka danna sai ya jira.

Gyara na farko shi ne raba aiki. Manhaja na iya gudanar da ayyuka biyu ko fiye a lokaci guda, kowane layin aiki ana ce masa zare (thread). Babban zaren aiki, wato wanda ya mallaki taga, aikinsa biyu ne: sauraron madannai da zana abin da ya riga ya shirya. Karanta fayil da kwance shi a miƙa wa wani zaren na daban a bayan fage. In ya gama sai ya aiko da saƙo, babban zaren ya karɓi fiksel ɗin ya ɗora a katin hoto, wato na'urar da ke zana wa allo (GPU). A SDL2, ɗaya daga cikin laburaren gina taga, wato kayan aikin da aka riga aka rubuta, ana aiko da wannan saƙon da SDL_PushEvent, wanda ba laifi a kira shi daga wani zare. A Qt, wani laburaren irin wannan, ka kwance hoton cikin QImage a baya, amma QPixmap kada ka taɓa shi sai a babban zaren. Wanda ya saɓa wannan zai ga manhajarsa tana aiki yau, gobe ta faɗi ba dalili.

Na biyu, kada ka kwance abin da ido ba zai gani ba. JPEG a kan 'yan murabba'ai masu fiksel 8 sau 8 aka gina shi, shi ya sa libjpeg-turbo, laburaren kwance JPEG, ke iya fitar da hoton a rabin girmansa, ko ɗaya cikin huɗu, ko ɗaya cikin takwas, tun wajen kwancewa. Ana saita wannan da scale_num da scale_denom bayan an karanta kan fayil. A allon laftof mai 1366 sau 768, ɗaya cikin huɗu ya ba ka 1500 sau 1000, ya cika allon har da saura, megabait 6 maimakon 96. Ba ya nufin saurin zai ninka sau goma sha shida, don har yanzu sai an bi duka bayanan da ke cikin fayil ɗin, amma bambancin ido na ganinsa. Cikakken girman a bar shi sai mutum ya zuƙo hoton.

Na uku, ka riga mai kallo zuwa. Yana kan hoto na 40, zaren baya ya riga ya kwance 41 da 42, kuma bai zubar da 39 ba. In ya juya yana komawa baya, kai ma ka juya. Abin da ka ajiye ka auna shi da megabait, ba da yawan hotuna ba: ka ce misali megabait 300, in an wuce a zubar da wanda ya fi nisa da inda ake. Wanda ya ce "hoto goma zan riƙe" ranar da ya haɗu da manyan hotuna goma zai cinye kusan gigabait guda, a kwamfuta mai RAM gigabait 4 wannan ya isa ya durƙusar da komai.

Sandarewar da kake gani in ka riƙe kibiya wata cuta ce daban. Kibod na maimaita dannawa kamar sau 25 zuwa 30 a sakan. A ce kowane hoto milisakan 200 yake ci. Ka riƙe na sakan biyu, ka jera buƙatu 60, aikin sakan 12 ke nan, manhajar kuma za ta yi ta kwance hotunan da ka riga ka wuce. Maganin shi ne kada a yi layi ko kaɗan. Ajiye lamba guda, wato hoton da ake so yanzu. Kowane dannawa ya sauya lambar nan take, sunan fayil a saman taga ya sauya tare da ita. Zaren baya in ya gama aikin hannunsa ya duba lambar, ya ɗauki na yanzu, ya manta da na tsakiya. Tunda libjpeg layi-layi yake fitar da hoto, kana iya leƙa lambar bayan kowane 'yan layuka, in ta sauya ka kira jpeg_abort_decompress ka saki aikin. Don kada allo ya zauna baƙi ana gudu, yawancin hotunan kyamara suna ɗauke da ɗan ƙaramin hoto a cikin EXIF, wato bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin fayil ɗin, sau da yawa 160 sau 120. Ka miƙe shi ya cika allo. Dishi-dishi ne, amma ya isa mutum ya gane ango da amarya ya san inda zai tsaya.

Tambaya: Da me ya kamata in gina tagar? Na ga ana ta maganar Electron. — Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Malama, ga wannan aikin Electron ba shi ne ba. Burauzar Chromium sukutum yake ɗauke da ita, sai ta tashi kafin hoton farko ya bayyana, alhali manhajar duba hoto sau ɗari ake buɗe ta a rufe a yini. SDL2 ya fi sauƙin nauyi, sai dai rubutu da akwatin zaɓen fayil duk ke za ki nemo musu hanya. Qt ya fi shi nauyi amma ya zo da QImageReader da sauran kayan aiki. In kina son ganin yadda aka yi a baya, manhajojin duba hoto na nsxiv da feh da imv duk a buɗe rubutunsu yake, nsxiv kuma ƙarami ne da za a iya karance shi cikin 'yan kwanaki. Abu ɗaya: in SDL kika ɗauka, ki yi amfani da SDL_WaitEvent, ki zana sai in wani abu ya sauya. Manhajar da ke sake zana hoto ɗaya sau 60 a sakan batir kawai take sha, ga fanka na ta kuka.

Tambaya: Na ba abokina manhajar, kwamfutarsa mai kibod ɗin Faransanci ce. Ya ce wasu madannan ba sa aiki, musamman lambobi. — Daga Maraɗi

Amsa: Ɗan'uwa, wannan tambaya ce mai kyau, kuma duk wanda manhajarsa za ta tsallaka tsakanin Najeriya da Nijar zai ci karo da ita. A kibod ɗin AZERTY, A da Q sun yi musanyar wuri, haka Z da W, M kuma ta koma gefen L. Layin sama ba lambobi yake bayarwa ba sai an haɗa da Shift; in ba haka ba & da é da makamantansu ne ke fitowa.

SDL na ba ka bayani biyu a kowane dannawa: scancode, wato mazaunin madannin a jikin kibod, da keycode, wato harafin da yake nufi a tsarin da mai kwamfutar ya zaɓa. Umarnin da ake tunawa da harafinsa, kamar q na fita da f na cika allo, a ɗaure shi da keycode, don mutum harafin zai nema da ido. Lambobin layin sama, irin na "rubuta 25 ka danna G ka je hoto na 25" da masu amfani da manhajar rubutu ta vi suka saba, a karɓe su ta scancode su ma. Sa'a ɗaya, h da j da k da l, waɗanda masu vi ke amfani da su a madadin kibiyoyi, wuri ɗaya suke a kibod biyun. Alamomi irin su + da ? sun fi wuya, don kowane tsari da inda ya ajiye su. Ka karɓe su ta SDL_TEXTINPUT, wanda ke ba ka harafin da ya fito a ƙarshe. Ka kuma fitar da jerin madannan zuwa fayil ɗin saiti, kowa ya gyara yadda hannunsa ya saba.

A kula da maimaitawar nan kuma. Saƙon dannawa na SDL yana da filin repeat. Ga kibiya a bar shi ya yi aiki. Ga madannin gogewa a ƙi shi, in ba haka ba yatsa ya ɗan daɗe a kai hotuna biyar sun tafi. Gogewar ma ta zama turawa kwandon shara: Qt na da QFile::moveToTrash tun sigar 5.15.

Tambaya: Hotunan da aka ɗauka da waya a tsaye suna fitowa a kwance. Wasu kuma sunansu .jpg ne amma sun ƙi buɗewa. — Mai shagon wankin hoto daga Katsina

Amsa: Alhaji, wayar ba ta juya fiksel ɗin ba, ta rubuta ne a cikin EXIF cewa a juya wajen nunawa. Wurin sunansa Orientation, yana ɗaukar lamba 1 zuwa 8. Lamba 1 a bar shi yadda yake, 3 a kifa shi digiri 180, 6 a juya digiri 90 ta hannun agogo, 8 a juya 90 ta ɗaya hannun. Sauran huɗun na madubi ne. libjpeg ba ruwansa da wannan, kai za ka karanta. Kada ka juya fiksel ɗaya-ɗaya a memori, ka bar katin hoto ya juya wajen zanawa, kyauta ne. Ka dai tuna a 6 da 8 faɗi da tsayi sun yi musanya kafin ka lissafa yadda zai shiga taga. A Qt, setAutoTransform(true) ya ɗauke maka duka.

Na biyun kuma, kada ka yarda da sunan fayil, ka duba bait ɗin farko. JPEG da FF D8 FF yake farawa, PNG da 89 50 4E 47, WebP da RIFF sannan WEBP a bait na tara. Hoton da aka sauke daga intanet sau da yawa WebP ne aka laƙa masa .jpg. Na iPhone kuma tun iOS 11 a 2017 HEIC ne, sai da libheif. Tunda kana karanta kan fayil, duba faɗi da tsayin da ya yi iƙirari kafin ka ware masa memori: ƙaramin PNG na iya cewa shi 50000 sau 50000 ne, gigabait 10 ke nan. Sa iyaka, wanda ya wuce ta a nuna saƙo a ci gaba. Laburaren ma a riƙa sabunta su. A watan Satumban 2023 an gano ramin tsaro a libwebp, laburaren kwance WebP, da ya sa manyan burauzoci duka fitar da gyaran gaggawa, kuma filashin kwastoma ba ka san inda ya kwana ba.

Tambaya: Folda mai hotuna dubbai tana daɗewa kafin ta buɗe, jerin kuma ya birkice, IMG_10 na zuwa kafin IMG_2. Fayil mai suna "ɗaurin aure" ma ya ƙi buɗewa a Windows. — Daga Sakkwato

Amsa: Malam, ka nuna hoton da aka danna tukuna, sannan ka karanta foldar a bayan fage. Wajen karantawar sunaye kaɗai za ka tattara. Tambayar girma da kwanan watan kowane fayil ɗaya-ɗaya shi ke cin lokaci, balle a filashi ko tsohon hard disk mai juyawa.

Birkicewar jeri daga kwatanta harafi da harafi ne, inda 1 ke gaban 2 ko me ya biyo baya. Windows na da StrCmpLogicalW, Linux na da strverscmp, Qt na da QCollator da setNumericMode(true). Duka suna ɗaukar jerin lambobi a matsayin adadi guda.

Batun ɗ ɗin kuwa, fopen na Windows da tsohon tsarin haruffa yake fassara sunan, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a cikinsa. Riƙe sunaye a UTF-8 a cikin manhajar, in za ka buɗe ka mayar da su UTF-16 da MultiByteToWideChar ka kira _wfopen. Sunan da aka miƙo wa manhajar lokacin buɗe ta ma ta wannan hanyar yake lalacewa tun kafin ya iso gare ka, don haka ka ɗauko shi da GetCommandLineW da CommandLineToArgvW. A foldar gwajinka ka ajiye fayil ɗaya mai ƙ a sunansa, ɗaya mai sunan ajami, ɗaya da aka yanke rabinsa wajen kwafa, da ɗaya mai bait sifili, ka bi ta kansu da kibiya a riƙe duk lokacin da ka sauya wani abu.