Gwiwa na taɓa teburi sai kwamfutata ta sake tashi: me zan saya?

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Kano. Kwamfutar tebur nake aiki da ita, tana ƙasa kusa da ƙafata. Wata biyu ke nan, da zarar gwiwata ta bugi teburin, ko yaro ya rufe durowa da ƙarfi, sai allo ya yi baƙi ta sake tashi, aikin mutane ya salwanta. Mai gyara na farko ya ce bairos ne, ya sake mata Windows, ba ta daina ba. Na biyu ya ce bod ne ya lalace, wato babban faifan da duk kayan cikinta ke haɗe a kansa, in kawo kuɗin sabo. Abokina kuma ya ce UPS zan saya, wato na'urar batiri mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Bairos ba ya jin bugun gwiwa, Windows ma haka. Cutar da motsi ke tayarwa cutar haɗi ce: wani fulogi, ko waya, ko ƙarfe ya yi sako-sako, bugun yana raba shi da mazauninsa, ko yana sa shi taɓa abin da bai kamata ba. Fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ajiyar wutar da aka tsara masa ta kimanin milisakan 16 ce kawai, kusan kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. Yankewar da ta zarce haka, ko da idonka bai ga ƙwan shago ya ƙifta ba, ta isa ta sa bod ya koma farko.

Kafin komai, kwashe takardun mutane zuwa filashi yau ɗin nan. Kowace mutuwar ba-zata tana iya lalata fayil ɗin da ake kan rubutawa, kuma in had-dis ɗinka, wato ma'ajiyar fayiloli, irin mai juyawa ne, faifan da ke ciki yana zagaye sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, kan da ke karanta shi yana shawagi dab da fuskarsa. Bugu ba ya masa daɗi ko kaɗan.

Sai gwajin da ba ya cin ko sisi. Kunna ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod da ake shiga kafin Windows ya tashi, ta danna F2 a Dell, F10 a HP, Del a yawancin kwamfutocin da aka harhaɗa. Bar ta a wannan shafin, ka bugi teburin yadda ka saba. In ta sake tashi a nan, to Windows ba shi da laifi ko kaɗan, domin a lokacin bai ma fara aiki ba.

Daga nan fara da waje, kuma abu ɗaya-ɗaya, don ka san wanda ya yi laifin. Girgiza fulogin a cikin ekstenshan. Girgiza wayar ekstenshan ɗin a bango. Sannan ka motsa kan wayar da ke shiga bayan kwamfutar, mai rami uku ɗin nan. Ka sa ido a kan fitilar monita da ta firinta: in su ma suna ɗaukewa tare da kwamfutar, matsalar tana ekstenshan ko soket. A shaguna irin naka nan ne na fi samun ta. Ekstenshan mai araha da aka lafta wa injin fotokwafi da firinta da cajar waya, ƙarfen da ke cikin raminsa yakan yi zafi ya buɗe baki, fulogi ya riƙa rawa a ciki. Duba ko akwai tabon ƙuna a bakin ramin, ka sansana ko akwai ƙaurin roba. In ka samu, ka yar da shi a ranar, wannan ya wuce batun kwamfuta ya zama batun gobara. Injin fotokwafi kuma a ba shi nasa soket ɗin daban.

In waje lafiya lau, sai ciki. Zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa goma, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tara wa jiki wutar nan mai ɗan ja. Ɗaga akwatin ka karkata shi hagu da dama, ka kasa kunne. Na taɓa kwana biyu ina fama da wata kwamfuta mai irin wannan halin, na canza mata ram, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake sokawa a bod, na canza waya, ba ta daina ba. Da na ɗaga ta zan mayar wa mai ita, sai na ji wani abu ya yi ƙaras a ciki. Ɗan sukuru ne da bai kai ƙwayar masara ba, ya maƙale tsakanin bod da ƙarfen akwatin, kowane bugu sai ya mirgina ya haɗa layuka biyu. Na zaro shi da ɗan hantsaki, aikin ya ƙare.

Bi haɗe-haɗen da yatsa. Babban fulogin bod mai fil 24, da ƙaramin mai fil 4 ko 8 da ke kusa da fankar furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, zare kowanne ka mayar har ka ji ƙugiyarsa ta kama. Cire ram, ka hure ƙurar ramin, ka danna shi da manyan yatsu biyu har maƙallan gefe su rufe da kansu. In akwai katin hoto, wanda ake jona wayar monita a jikinsa, duba ko sukurun da ke riƙe shi yana nan. Taɓa ƙarfen sanyaya furosesa, kada ya zama yana lilo. Akwai kuma wanda masu gyara da yawa ke tsallakewa: in akwatinka yana da maɓallin risat a gaba, wato mai sake tayar da kwamfuta, nemi siririyar wayarsa mai fil biyu da aka rubuta RESET SW a kai, ka zare ta daga bod. Maɓallin da ya gaji yakan danna kansa da ɗan girgiza kaɗan, kuma alamarsa daidai take da abin da ka kwatanta. Kwamfuta na aiki lafiya ba tare da shi ba.

In har yanzu tana yi, kunna ta a buɗe a shafin BIOS, ka ɗauki biron roba, ba ƙarfe ba, ka riƙa ƙwanƙwasa wuri-wuri a hankali: jikin fawa-fak, kan ram, manyan wayoyi, gefen bod. Inda ka taɓa ta mutu, nan ciwon yake.

Yanzu ne maganar saye ta taso. In fawa-fak ne, galibi dalma ce ta tsage a cikinsa. Kada ka buɗe shi, akwai kafasitoci a ciki masu riƙe wutar da ke iya illata mutum ko bayan an zare waya. Ka ce mai gyara ya jona wani a gabanka, a buga teburin a gani, sannan ka biya. Ka tafi da tsohon kasuwa, domin yawancin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da suka cika shagunanmu fulogin wutarsu na kamfani ne, mai fil 6 ko 8, na gama-gari ba ya shiga. In sabon yana da jan makunni a baya mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230 kafin a jona. Bod shi ne abin zargi na ƙarshe, sai an ga kafasito ya kumbura ko an gwada duk sauran. Mai gyaran da ya yanke masa hukunci bai yi wannan gwajin a gabanka ba, ka roƙe shi ya yi.

UPS kuwa yana da amfani sosai don ɗaukewar wuta da sauyawa zuwa janareta, amma ba ya maganin abin da ya kwance a cikin akwati. Abin da zan so ka saya in hali ya yi shi ne SSD, wanda ke maye gurbin had-dis kuma ba shi da abin juyawa. Kwamfutar kuma ka ɗauke ta daga gaban gwiwarka, ka ɗora ta kan ɗan benci nata da bai jingina da teburin ba.

Tambaya: Ni malama ce a Zariya, zan sayi kwamfutocin tebur na hannu guda biyar don ɗalibaina. Yaya zan kauce wa mai irin wannan matsala?

Amsa: Malama, Allah ya taimaka. Irin waɗannan sun sha jijjiga a jirgin ruwa da bayan mota kafin su iso, don haka kada ki karɓi wadda ba a kunna a gabanki ba. Kowacce ta yi minti goma sha biyar tana aiki, ki bubbuga gefenta da tafin hannu, ki motsa wayar baya, ki sa a buɗe ki ga ko sukurori sun cika. Ki nemi mai furosesar Intel zubi na 8 (8th Gen) zuwa sama, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin waɗanda suka girmi haka. A rubuta miki lambar jikin kowace kwamfuta a rasit, tare da kwanakin da aka amince za ki iya dawo da ita.