Likita, me ya sa koko ba ya riƙe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ce a Zariya, shekaruna 41, 'ya'yana huɗu. In na karya da koko da sukari, ko shayi da burodi, kafin ƙarfe 11 hannuna har rawa yake a kan keke saboda yunwa. Amma ranar da na ci ɗanwake ko alale, har la'asar ba na tuna abinci, alhali kokon ya fi cika mini ciki. Maigida ya ce kwaɗayi ne kawai. Ga ƙiba sai ƙaruwa take. Wata da nake wa ɗinki ta ce akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako, wai Ozempic, tana kashe yunwa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki gaida maigida, ki ce masa Likita ta ce wannan ba kwaɗayi ba ne. Mata da yawa sun zauna gabana suna kallon ƙasa, suna zargin kansu da rashin haƙuri a kan abin da jikinsu ne ke aikatawa, kuma abin yana damuna.

Abin da kika lura da shi daidai ne. Cikar tumbi ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ke kawo ƙoshi. A jikin bangon tumbi da hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta a warwatse, ba su wuce ɗaya cikin ɗari ba, aikinsu ɗanɗana abin da ya wuce ta kansu. In sun ji mai, ko sukari, ko abinci mai gina jiki, sai su saki wasu sinadarai cikin jini, waɗanda muke kira homon, su kai labari ƙwaƙwalwa. Tun 1902 aka gano haka, lokacin da wasu masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, suka yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka ga duk da haka saƙo yana fita daga hanjin ta hanyar jini.

Mai kiran yunwa shi ne girelin, daga tumbi yake fitowa, a Japan aka gano shi a 1999. Yana hawa gab da lokacin da kika saba cin abinci, ya sauka in kin ci. Shi ya sa kwanakin farko na azumi suka fi wuya da tsakar rana, daga baya jiki ya koyi sabon lokaci. Rashin barci ma yana ɗaga shi, kuma na san yadda teloli ke kwana a kan keke in Sallah ta matso.

Masu kawo ƙoshi kuwa a hanji suke, kuma a nan amsarki take. A farkon ƙaramin hanji akwai masu sakin wani homon mai suna CCK da zarar sun ji mai da furotin, wato abinci mai gina jiki. Shi ke matse maɗaciya ta zubo ruwanta, ya kuma rage saurin da tumbi ke sallamar abinci. Can ƙasa, wajen ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji, aka fi samun masu sakin wasu homon biyu, GLP-1 da PYY. Su ne ke ce wa ƙwaƙwalwa ya isa haka, kuma GLP-1 yana taimakawa a saki insulin, homon da ke sauke sukarin jini, daidai da sukarin da ya shiga jini.

To dubi kokonki. An tace gasarar, dusar ta tafi wurin awaki, an zuba sukari, ga shi ruwa-ruwa. Nan da nan zai bar tumbi, a tsotse shi tun a saman hanji, kaɗan ne zai kai ƙasa. Sukarin jini ya yi sama da sauri, insulin ya biyo shi da ƙarfi, bayan awa biyu zuwa uku sukarin ya sauko. Ga wasu, saukowar nan ce ke kawo rawar hannu. Ɗanwake kuma wake ne da kuka da mai, wani lokaci da dafaffen ƙwai. Yana daɗewa a tumbi, ya sauka a hankali, abin da bai narke ba na wake da ganye ya isa babban hanji. A can ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji su ci, su fitar da wani tsami da ke ƙara zuga masu sakin GLP-1 da PYY. Kakanninmu da suka haɗa koko da ƙosai sun san abin da suke yi.

Saboda haka ba zan raba ki da koko ba. Ki rage kofin, ki rage sukarin sosai, ki fara da ƙosai ko ƙwai ko gyaɗa kafin ki kurɓa. Ki ci a zaune, a natse, domin saƙon hanji yana ɗaukar mintuna kafin ya kai.

Batun allura. GLP-1 na jikinmu cikin minti biyu ake lalata shi, sai masana suka nemi mai kama da shi wanda zai daɗe. Na farko daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar Amurka aka samo asalinsa, aka amince da shi a 2005 don masu ciwon sukari. Ozempic ma mai kama da GLP-1 ne, na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, an amince da shi a Amurka a 2017, shi ma don ciwon sukari. Wegovy, maganin guda amma da awo mai yawa, shi aka amince da shi a 2021 don rage ƙiba. Yana aiki, ba na musu. Amma yana kawo tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, wasu har tsakuwar maɗaciya. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki ma sai ta daina wata biyu kafin nan. In aka bari, yawancin nauyin yana dawowa. Yana buƙatar firij, kin kuma san halin wutarmu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsa da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Don Allah kada ki saya a hannun kowa ko ta WhatsApp. In ya dace da ke, likitan da ya duba ki ne zai rubuta, ya kuma riƙa bibiyarki.

Rawar hannun nan da ƙaruwar ƙiba a shekarunki su ne abin da nake so a fara dubawa, musamman in kina yawan jin ƙishi, ko tashi fitsari da dare, ko akwai mai ciwon sukari a danginku. Ki je asibiti da safe kafin ki ci komai a auna sukarin jininki da hawan jini. Ki gwada sabon karin kumallon na mako biyu, kina rubuta ƙarfe nawa yunwa ke zuwa, sai ki aiko mini da duka biyun.