Wane launin wili ne zai dace da fentin motata?

Tambaya daga Garwa, Kamaru: Assalamu alaikum. Na sayi Toyota GT86 ja, ƙirar 2013, an kawo mini ita ta Duwala. Wilin da ta zo da shi duk ya kwarzane, ina so in canza. Abokaina kowa cewa yake in sa baƙi mai sheƙi, kuma shi nake yawan gani a hotuna. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ja da baƙi suna tafiya tare, wannan babu musu. Sai dai hotunan nan da kake gani, ana gama wanke motar aka ɗauke su, galibi kuma a ƙasashen da ba su san hazo ba. Kai kuwa a Garwa kake. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu fari-fari take sauka, kuma babu inda take fitowa ɓaro-ɓaro kamar kan baƙin fenti mai sheƙi. Ka wanke da safe, kafin la'asar wilin ya yi furu-furu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙura ɓarna, wato hannun mai wanki. Yawancin yaran nan da tsumma ɗaya suke goge ƙasan ƙofa da wili, yashi na maƙale a jikinsa. A kan ruwan azurfa ba za ka lura ba. A kan baƙi mai sheƙi kuwa, bayan 'yan watanni idan rana ta haska sai ka ga siraran zane-zane sun kewaye fuskar wilin, kuma ba sa fita sai an sake goge fentin da inji. Sannan baƙin wili yana sajewa da taya. Ka ja da baya taku goma, ƙirar da ka zuba kuɗi dominta ta ɓace, duhu kawai kake hange a ƙarƙashin motar.

Da ni ne, ruwan toka mai duhu zan ɗauka, irin launin ƙarfen bindiga, wanda sheƙinsa bai yi yawa ba. Yana ba jar mota kwarjinin da abokanka suke nema a baƙi, ƙirar wilin tana fitowa, kuma yana ɓoye ƙura iri biyu: farar ta hunturu da baƙar da birki ke fitarwa. Idan kana son abin da ba kowa ke da shi ba, tagulla mai duhu tana yi wa ja kyau matuƙa. Gwal mai haske a kan ja ya cika ido da yawa, jan wili a kan jar mota kuma ba na ba ka shawararsa, domin da wuya jan biyu su zo daidai, kuma ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ido zai fara kamawa. Wili ga mota kamar hula ce ga babbar riga: ba sai sun zama launi ɗaya ba, amma dole su yarda da juna.

Kada ka yanke hukunci a cikin shago ko a fuskar waya. Ka roƙi mai kayan ya fito da guda ɗaya waje, a jingina shi da tayar gaba, ka dube shi da tsakar rana, ka sake dubawa bayan la'asar in zai yiwu. Sai ka ɗebi ƙasa kaɗan ka yayyafa masa, ka hure. Yadda ka gan shi a lokacin, haka zai riƙa zama a mafi yawan kwanakin shekara.

Kafin duk wannan, ka tabbatar wilin zai hau. Wilin motarka yana da ramukan noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 100, abin da ake rubutawa 5x100. Da yawa daga wilin da ke kasuwa 5x114.3 ne ko 5x112, kuma ba za su shiga ba. Duk wanda ya ce maka zai ɗan buɗa ramukan su zauna, ka bar masa kayansa, da ranka yake wasa. Girma ma ka yi hattara. Daga kamfani motar tana zuwa da taya 215/45 a kan inci 17, tsayin gefen tayar kusan milimita 97. Idan ka haura inci 19 da taya 225/35, ya dawo kusan 79. Wannan robar ita ce ke shiga tsakanin wilinka da bakin rami, kuma duk mai bin hanyar Garwa zuwa Marwa bayan damina ya san abin da nake nufi. Ka tsaya a 17, in ka matsa 18.

Tambaya daga Ngaundare: Motata BMW 335i ce fara mai ƙofa biyu. Wilin gaba kullum baƙi ƙirin saboda birki. Ina sha'awar ruwan gwal irin na Subaru. In sayi sabo ne, ko in kai nawa a fenta?

Amsa: Gwal ɗin da kake magana ya samo farin jininsa ne daga motocin tseren daji na Subaru, irin Impreza da Colin McRae ya ci gasar duniya da ita a 1995. Amma ka tuna motar shuɗiya ce, kuma shuɗin ne yake fito da gwal ɗin. A kan fara ma yana zama, sai dai ka sauko da shi ya yi duhu, ya karkata zuwa tagulla. A garinku wannan yana da wani amfanin: jar ƙasar Adamawa idan ta hau tagulla kusan sajewa suke yi, alhali a kan farin wili ko azurfa mai haske sai ta bar tabo kamar an shafa lalle a hannu.

Baƙin da kake gani a gaba ɓurɓushin ƙarfe ne daga faifan birki da takalminsa. Da zafinsa yake sauka, sai ya kama fenti, in aka bar shi ya daɗe ya ci ciki. Launi mai duhu zai ɓoye shi, amma ba zai hana shi cin fentin ba. Ka riƙa wankewa duk mako, bayan wilin ya huce, da sabulun mota da soso na daban. Ka hana su zuba masa ruwan batir ko omo mai ƙarfi.

Batun saye ko fenti, idan wilinka na kamfani ne kuma bai tsage ba, kada ka rabu da shi. Ya fi yawancin kwaikwayon da ake kawowa ƙwari nesa ba kusa ba. Fenti mafi daɗewa shi ne na hoda, wato busasshen garin fenti wanda ake fesawa a gasa a murhu mai zafin digiri 180 zuwa 200. Idan babu mai yin sa kusa da kai, fentin mota mai kyau da ruwan sheƙi a sama ya wadatar, muddin an cire taya, an kankare tsohon fenti, an goge da samfefa, an sa fentin ƙasa tukuna. Ka tsaya a kan mai fentin ya rufe wuri biyu: bayan wilin inda yake haɗuwa da ƙarfen ƙafa, da mazaunin kusoshi. Fenti a nan yana murƙushewa da tafiya, kusoshi su saki ba ka sani ba, ga ku kuma da gangaren dutsen nan na hanyar Garwa. Bayan an mayar da tayoyi a yi musu balas.

Tambaya daga Njamena: Ni mace ce, Mercedes ɗina baƙa ce mai ƙofa biyu, kuma ina da niyyar sayar da ita baɗi. Akwai amfanin in canza launin wilin?

Amsa: Hajiya, ki bar shi yadda yake. Baƙar mota da wili ruwan azurfa tana burge kusan kowane mai saye, tagulla ko gwal kuwa wani ya so, wani ya ce sai an rage masa kuɗin mayarwa. Idan gefensa ya kwarzane, ki sa a gyara a maimaita launinsa na asali. In kuma irin mai fuska biyu ne, wanda aka fere samansa yana ƙyalli, ki gaggauta rufe duk inda ya ɓantare kafin ruwan Yuli ya sauka, don ruwa yana shiga ƙarƙashin sheƙin ya yi farin zane da ba ya goguwa.