Inna ta ƙi shan ruwa, wai kada alwalarta ta karye

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata ta haura shekara 75, tana da hawan jini, maganin da take sha kuma yana sa ta yawan fitsari. Tun da zafin bazara ya shigo sai ta wuni ba ta sha kofi biyu na ruwa ba. In na kai mata sai ta ce ba ta jin ƙishi, ita ba ta son tashin dare da karyewar alwala. Yanzu fitsarinta ya yi ja kamar shayi, in ta miƙe jiri na ɗibarta. Yaya zan yi ba tare da na ɓata mata rai ba?

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba Inna lafiya. Gaskiya ta faɗa miki, ba taurin kai ba ne. Tsufa yana rage jin ƙishi, ga maganin yana ƙara fitar da ruwan jiki. Ki daina tambayarta ko za ta sha. Ki miƙa mata kawai.

Abin da ake so ta samu a wuni lita ɗaya da rabi zuwa biyu, wato ledar fiyawata uku zuwa huɗu, har da koko, kunu, fura da nono da romon farfesu a cikin lissafin. Ki rarraba shi: ƙaramin kofi da ta idar da sallar asuba, wani da maganinta, wani da hantsi, sannan bayan azahar da la'asar. Da zarar ta sallame ki ba ta, lokacin babu fargabar alwala. Ki rage bayan magariba, ki ajiye mata fo da fitila kusa da gado, domin tsofaffi da yawa tsoron faɗuwa a hanyar banɗaki ne ke hana su sha. Ruwan randa mai sanyi ya fi shiga, a ƙaramin kofi mai hannu, babban moɗa cike kashe mata gwiwa zai yi. Ki haɗa da kankana da lemu. In tana da ciwon suga, a bar zaƙi a kunu.

In gudawa ko amai suka zo, ki jiƙa ƙullin ORS ɗaya, wato garin gishiri da suga mai mayar da ruwan jiki, a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. In babu, ki sa suga ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishirin ya wuce haka. Ta riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, abin da ya kai awa 24 a zubar. Ki zaunar da ita sosai kafin ta sha, ban da ɗura mata a kwance, ruwa na iya sarƙe ta ya shiga huhu.

Jirin nan kuwa ki kai ta asibiti cikin makon nan a auna jininta, likita ya duba ko maganin ya yi mata yawa a wannan zafin. Kada ki dakatar da shi da kanki. Ki tambaye shi adadin ruwan da ya dace, don mai ciwon zuciya ko ƙoda akan ƙayyade masa. In kuma ta wuni ba fitsari, ko ta fara sambatu, ko barci ya yi mata nauyi har tashinta ya yi wuya, a ranar za a kai ta, ko da dare ne.