Amsa: Littafin hotuna ga yaron da kakarsa ta rasu

Malama, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ku haƙurin rashi. Kin tambaya ko littafin hotuna mai labarin rashi da abinci zai taimaki ɗanki mai shekara 6. A ganina zai taimaka, muddin littafin ya faɗi a fili cewa mamaciyar ta rasu, domin yaro ƙarami yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta, kuma idan aka ce masa kakarsa ta yi tafiya, zai zauna yana jiran dawowarta.

Ki nemi wanda yake nuna yaro yana girka abincin da mamaciyar ta saba yi, sannan ya raba wa maƙwabta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a yi wa iyalansa abinci.

Yawancin littattafan nan da Turanci suke, don haka ki fara duba hotunan ke kaɗai, sannan ki ba shi labarin da Hausa.