Tambaya da Amsa: Tsakanin Lauya da Wanda Ake Tuhuma

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Yau wata bakwai ke nan da kama ƙanena bayan wani faɗa da aka yi a unguwarmu har aka rasa rai. Sau ɗaya aka kai shi kotun majistare, daga nan aka wuce da shi gidan yari. Mun ɗauki lauya, amma kullum muka tambaye shi sai ya ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a, har mahaifiyarmu ta fara zargin cewa kuɗinmu kawai yake ci. Shin gaskiya yake gaya mana? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo mafita, ya ji ƙan wanda ya rasu. Abin da lauyanku ya faɗa yana da tushe, sai dai bai kamata ya tsaya a nan ba.

Laifin kisan kai, wanda sashe na 221 na Final Kod, wato dokar laifuffuka ta jihohin Arewa, ya tanadar wa hukuncin kisa, ya fi ƙarfin kotun majistare, Babbar Kotu ce ke da hurumin sauraronsa. Abin da ya sa 'yan sanda suka kai shi gaban majistare shi ne samun umarnin tsarewa. A ƙa'ida, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai yarda su riƙe mutum fiye da kwana ɗaya ba idan akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu, ko da yake sashen ya cire laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙayyadewa. Bayan haka sai su aika fayil ɗin bincike zuwa ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki da ke ma'aikatar shari'a ta jiha, a duba ko hujjojin sun isa a gurfanar da shi, ko a sassauta tuhumar, ko a sallame shi. Wannan ce shawarar da ake jira.

A nan ne shari'u da yawa suke kwana. Na sha bin sawun fayil daga ofis zuwa ofis, in iske cewa bai ma bar teburin ɗan sandan da ya yi bincike ba, ko dai saboda an yi masa canjin wurin aiki, ko kuma rahoton likita kan gawa bai fito ba, alhali iyalan wanda ake tsare da shi suna can suna zaton wani babban jami'i ne yake nazarinsa. Lauya mai himma yakan rubuta takarda zuwa ma'aikatar, ya karɓi shaidar cewa an karɓa, ya koma ya sake bibiya. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, ana iya sabunta shi, amma daga bisani dole kotu ta nemi hukuma ta bayyana dalilin ci gaba da tsare mutumin. Jihar Kano ta yi tata dokar mai wannan salo a 2019. Lauyanku yana iya dogara da ita ya matsa, yana kuma iya neman beli a Babbar Kotu, ko da yake ba zan ɓoye miki ba, beli a tuhumar kisa yana da wuya ƙwarai, sai da dalili na musamman irin su rashin lafiya mai tsanani ko jinkirin da ya wuce kima.

Saboda haka ku zauna da shi, ku tambaye shi cikin mutunci: ina fayil ɗin yake a yanzu, yaushe aka aika shi, kuma wace takarda ya rubuta a kai? Wanda yake aiki zai buɗe jakarsa ya nuna muku kwafi mai hatimi da kwanan wata. Ku kuma riƙa karɓar rasit a kan duk kuɗin da kuka biya.

TAMBAYA: Barista, ni ɗalibi ne mai sha'awar karatun lauya, amma mahaifina yana cewa aiki ne na kare masu laifi da ƙarya. Idan mutum ya gaya wa lauyansa a asirce cewa shi ya aikata, yaya lauyan zai yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Ka gaishe da Baba, kuma ka sani cewa tambayarsa ita ce wadda aka fi yi mana a wurin ɗaurin aure da zaman makoki. Ƙa'idojin aikin lauya a Nijeriya sun hana lauyan da wanda yake karewa ya amsa masa laifi ya gabatar da shaidar da ya san ƙarya ce. Ba zai kira wani ya rantse cewa mutumin yana Gusau a daren da abin ya faru ba, kuma ba zai ɗora laifin a kan wanda ya san ba shi da hannu ba. Haka nan ba shi da ikon tona asirin da aka gaya masa, domin Dokar Shaida ta 2011 ta kare wannan sirri. Abin da ya rage masa shi ne ya tsaya a kan cewa mai gabatar da ƙara ya tabbatar da tuhumarsa ba tare da kokwanto ba, kamar yadda sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda malamanmu sun karantar da mu cewa kawo hujja yana kan mai da'awa.

Sau da yawa ma, shawarar da lauya yake bayarwa a irin wannan hali ita ce mutumin ya amsa laifinsa a nemi sassauci, ko a daidaita da masu gabatar da ƙara. Sai dai a laifin da hukuncinsa kisa ne, ko wanda ake tuhuma ya ce ya aikata, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, a saurari shaidu.

Akwai kuma abin da mutanen waje ba su cika gani ba. Yawancin waɗanda muke karewa ba su taɓa gaya mana sun aikata komai ba, abin da muke tararwa a fayil shi ne takardar amsa laifi da aka rubuta da Turanci, da dangwalen yatsan mutumin da ko sunansa bai iya karantawa da boko ba. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar azabtarwa, kuma idan lauya ya yi wannan ƙorafi akan dakatar da shari'ar, a yi wata ƙaramar shari'a a cikinta domin a gano yadda aka samu bayanin. Idan babu lauya a wurin, takardar nan takan wuce ba tare da kowa ya ce uffan ba.

TAMBAYA: 'Yan sanda sun zo neman ɗana ba su same shi ba, sai suka tafi da yayansa, kuma ba mu da kuɗin ɗaukar lauya. Ina za mu dosa? Daga wani magidanci a Gombe.

AMSA: Malam, kama wani a madadin wani haramun ne a doka, sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana. Ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin masu ƙaramin ƙarfi, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya mafi kusa da kai. Ka tafi da sunan caji ofis ɗin da ranar da aka kama shi, kuma idan ka samu ganinsa ka gaya masa kada ya sa hannu a kan wata takarda kafin lauya ya iso.